Auta da Tukunyar Adas

Auta mai walda ne. Rumfarsa tana bakin titi, daura da tashar mota, inda yake haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Ya haura arba'in bai yi aure ba, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa dafa abin da ya wuce ruwan shayi ba. Da rana yana ci wajen wata mai abinci da ke bayan rumfarsa, da yamma kuma ya wanke hannu ya nufi gidan Yaya. Yaya ce babbarsu, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Duk unguwar an san ta da ɗinki da girki. An kuma san ta da baki, amma wannan a bayan idonta ake faɗa.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda ɗaya kuma tana aure a wani gari mai nisa, ga jariri a hannu. Saboda haka da likitoci suka gano ciwon daji a jikin Yaya, suka yi mata aiki, suka ce bayan aikin za a riƙa ɗura mata magani ta jijiya lokaci-lokaci har tsawon watanni, ba a tsaya wata shawara ba. Auta ya naɗe katifarsa, ya ɗaure ta a bayan babur, ya hau da ita bene ya shimfiɗa a falon Yaya, tsakanin kujera da keken ɗinki.

Zagayen farko na maganin ya zubar mata da gashi. Wannan bai dame ta ba, ta ce dama zaman kitso ya ishe ta. Abin da ya karya ta bakinta ne. Duk abin da ta ɗora a harshe sai ta ji kamar tana tsotsar tsohuwar ƙusa. Nama ya fi komai muni. Ko a gidan maƙwabta na ƙasan bene aka soya shi, warin na hawowa za ta toshe hanci da gefen mayafi ta juya fuska bango. Maƙwabta ba su san haka ba, ko kuma sun sani ba su yarda ba. Kullum sai kwanuka sun shigo, romon kaza, romon rago, hanta, kowa da abin da ya ji an ce yana ƙara jini. Auta ya buɗe, Yaya ta ɗaga hannu, ya rufe ya fita da shi baranda ya cinye don kada ya lalace. Wata rana ta dube shi daga kan gado ta ce ikon Allah, ita ke ciwo, shi ke ƙiba.

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yana ganin yadda zoben hannunta ya fara zamewa har ta cire ta ajiye. Shayi ba madara da ɗan ɓallin burodi, shi ne abincinta na yini.

Ranar da suka koma asibiti don zagaye na gaba, aka ɗora ta a sikeli, aka ɗebi jini, suka zauna a benci suna jira. Da sakamako ya fito, nas ɗin da ke kula da su, wata gajeriyar mata mai tabarau, ta kira su gefe. Ta ce ba za a sa magani yau ba. Jinin ya yi ƙasa, nauyin ma ya ragu, jikin ba zai ɗauka ba. Su je gida Yaya ta ci abinci mai gina jiki, su dawo nan da 'yan makonni. Yaya ta ce nama dai ko a mafarki. Nas ta ce to ƙwai. Yaya ta ce ƙarni. Wake fa? Tun tana da lafiya ma kumbura mata ciki yake yi. Nas ba ta gaji ba, ta ce a gwada adas, musamman ja, ya fi wake sauƙi a ciki in an dafa shi ya narke, kuma ba shi da wari.

Auta ya gyaɗa kai kamar ya gane. Sai da suka kai bakin ƙofa ya dawo ya tambaye ta a wane kantin magani ake samunsa. Nas ta cire tabarau ta dube shi, ta ce a kasuwa, wajen masu hatsi, kusa da shinkafa.

Mai hatsin ya buɗe masa buhu biyu. Ɗaya 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu faɗi, ruwan lemo, kamar an fasa su. Ɗayan launin ƙasa, da ɓawonsa. Ya ce jan yana narkewa nan da nan ya zama miya mai kauri, mai launin ƙasa kuwa yana tsayawa da ƙwayarsa, ya fi son lokaci. Auta ya sayi duka biyun. Da ya tambayi yadda ake dafawa, mai hatsin ya ce shi sayarwa yake yi, matarsa ce ke dafawa.

Kicin ɗin Yaya ɗan siriri ne. Murhun gas mai kai biyu, taga tana kallon bangon maƙwabta, katakon jikin bango cike da kwalabe da gwangwanaye waɗanda mai su kaɗai ta san abin da ke ciki. Shekara da shekaru Auta bai taɓa wuce bakin ƙofar nan ba sai in an kira shi canza tukunyar gas. Ya tsaya a tsakiya da ledar adas a hannu, ya ɗauki tukunyar da ta fi kusa, ya zuba ruwa, ya juye jan adas ɗin ba wanki, ya murɗa wuta har ƙarshe. A wajen aikinsa wuta mai ƙarfi ita ce wuta. Ya fita baranda amsa waya. Kafin ya dawo kumfa ta taso ta malale kan murhu, ruwan ya ƙafe, gindin tukunya ya kama.

Daga ɗaki Yaya ta tambaya wace tukunya ce ya ƙona. Ya ce ba ta ƙone ba, ɗan kamawa ta yi. Ya sa cokali yana kankara, tana jin ƙarar ta ce wannan mai kunne ɗaya ce, ta dafa madara, wadda ko 'yarta ba ta yarda ta taɓa ba. Ya kai mata abin da ya tsira a kwano. Ta leƙa, ta ce mutumin da ke narka ƙarfe ya kasa dafa abin da bai kai ƙwayar magani girma ba. Ba ta taɓa ba. A tsaye ya cinye shi a kicin, da ɗacin ƙuna da komai, yana tunanin inda ya kuskure.

Washegari ruwa ya yi yawa, gishiri ya fi ruwan yawa. Bayan nan ya gwada mai launin ƙasa, ya sauke shi da wuri, ƙwayoyin suna ƙaras-ƙaras, ya kuma tauna tsakuwa har sai da ya dafe kunci. Daga nan ya gane abin ba na gaggawa ba ne. Ya koma buɗe rumfa da safe kawai, in rana ta take ya kulle. Kafin ya tafi sai ya zagaya wajen mai abinci ya tsaya a kanta yana kallon hannunta. Da farko ta ɗauka wani zance ne ke tafe da shi, har ta fara gyara ɗankwali. Da ya ce yankan albasa yake son koya, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta miƙa masa wuƙa da kwandon albasa ta ce ga makaranta nan. Ita ta nuna masa yadda ake baza hatsi a tire a tsince tsakuwa, da yadda ake wankewa ana sauya ruwa har ya daina fari, da kwashe kumfa da ludayi a tafasar farko. Maƙwabtansa na aiki, mai faci da mai gyaran babur, suka sa shi gaba, wai yanzu ƙofar da ya haɗa ma warin tafarnuwa take yi. Bai kula su ba.

Girkin ya fara kama da abinci, amma Yaya ba ta ci. Wani lokaci ta kai cokali baki don kada ya ji kunya, ta yamutse fuska, ta ture. 'Yarta na kira ta waya kullum, tana kuka tana cewa Kawu ka lallashe ta, Kawu ka yi mata dabara. Shi kuwa ya ce to, ya ajiye waya, ya dubi kwanon da ya huce.

Komawarsu asibiti ta biyu ta fi ta farko ɗaci. Sikeli ya sake nuna ragi, aka sake ɗage maganin. Wannan karon likitan da kansa ya yi magana, a hankali, ya ce jinkirin nan ba ya cikin abin da suke so. Yaya na zaune tana kallon takalminta. Da za su fita, nas ta riƙe Auta a baya ta tambaye shi yadda yake ba ta abincin. Ya ce da zafinsa, yana sauka daga wuta, a kwanon silba da cokali. Ta ce ya riƙa bari ya huce, tururi ne ke ɗauko wari ya kai hanci. Ya daina ba ta cokalin ƙarfe, ya nemi na katako ko na roba, domin bakin da ke jin ƙarfe ba a ƙara masa ƙarfe. Ya matsa lemon tsami a kai in bakin ba ƙuraje. Kuma kada ya cika kwano, mai ciwo in ya ga tulin abinci tun daga ido yake ƙoshi.

Suka koma gida a tasi. Hawan benen ya ɗauke su lokaci, tana hawa tana hutawa, shi yana bayanta da hannu a buɗe, bai taɓa ta ba saboda ya san ba ta so. Da ta zauna a bakin gado ta kira shi da muryar da bai saba ji ba, ba faɗa a ciki, ba ba'a. Ta ce ta gaji. Ba za ta sake komawa asibitin nan a ɗora ta a sikeli kamar buhu a ce ba ta kai ba. Ya naɗe katifarsa ya koma ɗakinsa, ya buɗe rumfarsa yadda ya saba kafin masu ba shi aiki su watse. Keken ɗinki a aika wa 'yarta. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru, ta ci ko ba ta ci ba.

Auta ya saurare ta har ta gama, yana tsugune a bakin ƙofa. Shi dama ba mai yawan magana ba ne, a gaban Yaya kuwa ya fi zama bebe. Ya daɗe yana murza tafin hannunsa, sannan ya ce:

“Yaya, zancen asibiti naki ne, ba zan ɗauke ki a kafaɗa in kai ki ba. Amma katifar nan ba inda za ta. Tukunya kuma kullum sai na ɗora. In kin ci, alhamdu lillahi. In ba ki ci ba, in cinye, gobe in sake ɗorawa.”

Ta dube shi ta ce, “Wannan taurin kan a ina ka samo shi?”

“A gidan da na tashi,” in ji shi. Ya miƙe ya shiga kicin.

Ba ta ci ba a ranar, ba ta ci ba washegari, shi kuma bai fasa ba. Ya sayo cokalin katako ya goge shi a rumfa har ya yi sumul, ya zaro ƙaramin kwanon tangaran daga cikin kayan da Yaya ke ɓoyewa don baƙi. Kowace yamma, in inuwar bangon maƙwabta ta rufe tagar kicin, sai a ji ƙarar adas a tire, sai ruwa, sai wuƙa a kan katako. Ɗakin Yaya na jikin kicin, bango ɗaya ya raba su. Duk abin da yake yi tana ji, kuma ba abin da ta tsana a duniya kamar a lalata kayan girki a kusa da ita.

Wata yamma ya zuba albasa a mai, ta ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Yaya ta jure, ta juya, ta ja bargo ta rufe kai. Da ƙauri ya fara isowa ta kasa.

“Rage wutar nan,” ta ce ta cikin bango. “Albasa ce, ba ƙofar gareji ba.”

Ya rage. Can kuma ta ce kada ya sa tafarnuwa yanzu, za ta yi ɗaci, sai albasar ta yi laushi. Ya ajiye tafarnuwar. Ta tambaya ko ya goga citta, ya ce yankawa ya yi. Ta ja tsaki mai tsawo. Sai ya ji takun silifas a hankali, ga ta a bakin ƙofa tana dafe da bango, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Ya jawo kujerar roba ya ajiye mata, ya buɗe tagar gaba ɗaya.

Daga kan kujerar nan ta karɓi mulkin kicinta. Ta sa ya zubar da albasar ya yanka sabuwa, a ƙaramar wuta, yana juyawa har ta yi launin zuma. Citta a goga, tafarnuwa a daka, kurkum bakin cokali kawai, daga kwalba mai jan murfi, ba mai shuɗi ba, wannan maganin ciwon ciki ne. Tumatir ya soyu har mai ya fito gefe. Sannan adas, da karas da kabewa yankan ƙanana, da ruwan zafi, ba na sanyi ba. Gishiri sai ƙarshe. Ita ma ba ta taɓa dafa adas ba a rayuwarta, amma ta ce ba yau ta fara ganin tukunya ba.

Matsalar ita ce ɗanɗano. Harshenta ba ya gaya mata gaskiya, dole ta ari nasa. Ta ce ya ɗanɗana ya faɗa mata. Ya ɗanɗana ya ce da daɗi. Ta ce wannan ba amsa ba ce, mutumin da ya cinye ƙonannen adas a tsaye komai daɗi zai yi masa. Gishiri ya ji? Cittar tana gaba ko tana baya? Tsamin tumatir ya mutu? Ya sake ɗanɗanawa, ya rufe ido, ya ce kamar akwai abin da ya rage, miyar tana sauka a harshe ta kwanta, ba ta tashi. Ta ce yanzu ka yi magana, kawo lemon tsami.

Ya murje miyar da bayan ludayi har ta yi laushi, ya zuba kaɗan a kwanon tangaran, ya matsa lemo, ya ajiye a bakin taga ta huce. Bai miƙa mata ba, ya juya baya ya kama wanke-wanke. Can ta ce ya ba ta nan ta ga ɓarnar da ya yi. Ya ba ta, ya koma yana cuɗa tiren da ya riga ya fita, kunnensa na baya. Ya ji cokalin katako ya taɓa kwano, shiru, ya sake taɓawa. Ba ta cinye ba, ta bar kusan rabi. Ta ce lemon ya yi kaɗan, kabewar kuma tun a gona ba ta nuna ba. Ya ce gobe zai gyara. Sai da ta koma ɗaki ya zauna a kan kujerar robar.

Ba a ce daga ranar komai ya miƙe ba. Akwai ranar da ta ci ya dawo, akwai ranar da ko leƙowa kicin ba ta iya ba. Amma kujerar ta zauna a bakin ƙofa, kuma yawancin yammaci Yaya na zaune a kai. Da ta gaji da miya suka koma mai launin ƙasa: a jiƙa shi tun safe, a dafa shi rabi, a zuba shinkafa su ƙarasa tare, a watsa soyayyar albasa a sama. Wata rana da alayyahu, wata rana a daka shi da dafaffen dankali a dunƙula a gasa a kasko da ɗan mai. Abin da ya rage Auta ya sa a firiji, da safe ya ƙara ruwa ya ɗumama, ya bar mata a flas kusa da gado kafin ya fita, ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har ya dawo.

Sau ɗaya suka saɓa da gaske. Auta ya ga tana ci, zumuɗi ya kama shi, ya faki idonta ya kaɗa ƙwai ya zuba a miyar, ya ƙara lemo don ya ɓoye. Tana kaiwa baki ta ajiye cokalin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jikinta ya ƙi ta, harshenta ya ƙi ta, a asibiti ana magana a kanta tana zaune kamar kujera. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta san abin da ke shiga bakinta. In shi ma zai fara yi mata wayo, ya faɗa mata tun yanzu. Ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri, ya ɗauke kwanon, ya ɗora sabuwar tukunya a gabanta. Bayan 'yan kwanaki ita da kanta ta ce a gwada ƙwan, amma dafaffe, a murje gwaiduwar kaɗai a ciki, tana gani. Ya shiga.

Zancen asibiti bai sake tayar da shi ba. Ranar da aka ba su tana matsowa, yana sane, bakinsa a rufe. Da safiyar ranar ya fito daga wanka ya tarar da ita zaune a falo, ta sa doguwar rigarta ruwan toka, jaka a cinya. Ta ce in ya gama shafe-shafen sai ya nemo musu tasi, ko so yake su tarar da layi ya kai titi.

Nauyin bai ƙaru sosai ba, amma ya daina sauka, jinin kuma ya hau daidai inda ake so. Nas ta duba sakamakon, ta dubi Yaya ta saman tabarau, ta ce a shigo da ita. Tana neman jijiya ta tambaye ta me take ci kwanan nan. Yaya ta ce wani abu ne da ƙanenta ke jagwalgwalawa, ba laifi in an tsaya a kansa. Auta na zaune a gefen gado da flas tsakanin ƙafafunsa, yana kallon maganin yana ɗiga.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsanani kamar na farko, har sun so su fi. Bambancin shi ne yanzu ya san hanya. Ranar farko ruwan adas tsararo, a tace, a kofi. In ya zauna a ciki, washegari a ɗan ƙara kauri. In bakinta ya yi ƙuraje, a cire lemo da citta a sa yogot. In ta ture, ba gardama, a rufe a dawo an jima. Haka suka bi zagaye bayan zagaye. An sake ɗage musu wani karo saboda zazzaɓi, suka jira, suka koma. Maƙwabta suka fahimta, masu aiko romo suka koma aiko kabewa da alayyahu da lemon tsami, matar gidan ƙasa kuma in za ta soya nama sai ta rufe tagarta. A rumfa aiki ya ragu, wasu sun kai ƙofofinsu wani wuri, wasu sun jira. Mai faci, wanda ya fi kowa yi masa ba'a, shi ya riƙa karɓar masa saƙon masu zuwa da yamma.

Da aka gama zagaye na ƙarshe aka yi hoto, likita ya ce abin da suka gani ya yi musu daɗi, amma za a ci gaba da dubawa lokaci-lokaci. Yaya ta ce ta ji. Gashinta ya fara tsirowa, fari-fari, mai laushi. 'Yarta ta ce za ta zo da yaron da zarar mijinta ya sami hutu. Auta ya koma yini a rumfa, amma girkin yamma yana nan a wuyansa.

Wata yamma wani aiki ya riƙe shi, ya dawo yana sauri da ledar karas a hannu. Tun daga matakala ya ji ƙamshin albasa. Ya tarar da Yaya tsaye a gaban murhu, hannu ɗaya dafe da bango, ɗaya riƙe da ludayi, hancinta a buɗe. Ya ce ta zauna ya ƙarasa. Ta ce ya tsaya inda yake. Ta ɗebo miyar, ta hura, ta kai baki, ta daɗe tana juya ta a harshe.

“Gishiri na ji,” ta ce. “Tun da safe nake zargi, na ji shi a burodi. Yanzu na tabbata.” Ta sake ɗanɗanawa. “Ashe haka abin nan yake. Watanni ina ci ban san shi ba.”

Ya tambaye ta ya ta same shi. Ta ce ba laifi, amma a nasa citta tana yawa, ta daɗe da gane haka daga yadda yake ƙona mata maƙogwaro, ta yi shiru ne kawai don kada gwiwarsa ta yi sanyi. Sannan ta ce ya wanke hannu ya yanka karas ɗin, ƙanana, in ya gama ya leƙa gidan ƙasa ya ce wa matar ta aiko da kwano, yau hannunta ya zarce, tukunyar ta fi ƙarfin mutum biyu. Ya ajiye ledar, ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo.